Kaka da Kukan Modam

A duk unguwarmu a Gusau ni ce mutum ta farko da ta tura imel daga cikin gida. Wanda ya musa ya zo ya same ni.

Yayana ne ya sayo kwamfutar kafin ya tafi karatu Sudan, don mu riƙa aika masa saƙo ta layin tarhon gida. Ya bar takarda ɗaya: lambar da kwamfuta za ta kira a Kaduna, lambar sirri, da adireshi biyu, SMTP na turawa, POP3 na ɗaukowa. Bai haɗa komai ba. Mota ta zo, ya tafi.

Wata biyu kwamfutar tana lulluɓe da zane kamar tulun sanyi. Sai Kawu na Tsafe ya fara zarya, wai ta fi amfani a shagonsa na buga takardu. Ran Lahadi Baba ya yanke hukunci: in Juma'a ta yi ba a ga saƙon Yaya ba, Kawu ya zo ya ɗauka.

Na ce, "Ni zan haɗa ta."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ke? Wannan aikin injiniya ne, 'yata."

Na ce, "To, Kawu, ga injiniya."

Na cike kowane gurbi da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Na danna. Modam, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da waya, ya kama kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa goma a cikin garwa. Ya yi, ya yi, sai ɗif. Layi ya yanke.

Na ce laifin adireshi ne, na musanya su. Ɗif. Na mai da su. Ɗif. Na rubuta lambar sirrin nan sau dubu tara, ko kuma sau goma sha biyar, ban ƙirga ba. Ran Talata na zagi Kaduna da duk mutanen cikinta. Ran Laraba Baba ya leƙo ya ce ko in haƙura. Na ce ko sama za ta faɗo kwamfutar nan ba za ta ga Tsafe ba.

Ran Alhamis da hantsi na danna, ƙishirwa ta kama ni, na fita modam na cikin kukansa. Ina wucewa ta falo sai na ji muryar Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta zo daga Bungudu maganin ido. Tana riƙe da kan tarho da hannu biyu.

"Wa alaikumus salam. Kai ne? Ina gajiya? Ina karatu? Mi kac ce? Ɗaga murya, yaro!"

Ashe layin ɗaya ne. Duk lokacin da kwamfuta ta buga lamba, tarhon falo sai ya ɗan kaɗa ƙararrawa, Kaka kuma ta ɗauka, ta ji ƙara, ta ce jikanta ne daga nesa layi ba kyau. Kwana huɗu tana gaisawa da modam. Har labarin rasuwar wani a Nahuce ta ba shi.

Na ce, "Kaka! Ke ce kike kashe mini layi!"

Ta ce, "Ke, marar kunya. Baƙo ya yi sallama in ƙi amsawa? Ba a gidan ɗana ba."

"Ba baƙo ba ne, inji ne!"

"Injin ma da mai shi."

Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce shi ba zai hana mahaifiyarsa amsa sallama ba, in nemi wata dabara ko in jira Kawu. Na ce a ɓoye tarhon. Ya kalle ni, na janye maganar, amma ban janye kaina ba.

Na je na ɗauko tabarmar Kaka da goronta, na shimfiɗa gaban kwamfuta. Na ce mata ai ta nan Yaya ya fi jin magana, tarhon falo na ƙananan baƙi ne. Ta harare ni da idon mai lafiyar, ta zauna. Na danna. Modam ya fara, Kaka ta fara. Shi yana ihu, ita tana tambayarsa ko yana cin abinci. Sai ya yi shiru, amma wannan karon layi bai yanke ba.

Saƙo bakwai suka sauko a jere. Na kurma ihun da na tabbata an ji shi har garin Karakkai.

Baba ya shigo ba takalmi. Na karanta masa na farko: Yaya ya sauka lafiya. Na bakwai cewa yake, wai ko mun mutu ne, kuma a aiko masa da yaji. Baba ya sa na sake karantawa, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Rubuta masa amsa. Kuma a aika Tsafe a ce wa Kawu kada ya wahalar da motarsa gobe."

Kaka ta ce da ba ta dage da gaisuwa ba da yaron bai amsa ba. Na ce ƙarya ne, aikina ne. Har yau ba mu shirya a kan wannan ba, kuma ba ni ce zan sauko ba.