Nomau da Tukwanen Bakin Tasha

Nomau mutumin Tawa ne, amma a Akokan, kusa da Arlit, ya yi furfura. Tun yana saurayi yake kuku a ɗakin cin abincin ma'aikatan ramin uraniyom. Da aka rufe ramin, sai ya tura matarsa Hassana da yara gida, ya ce zai sayar da tarkacensu ya biyo su.

Ya sayar da gado, ya sayar da firji, ya miƙa makullin gidan kamfani. Jaka ɗaya ta rage masa. Ya ɗauke ta ya nufi tashar Arlit, ya tarar motar Tawa ta riga ta cika.

Bai iya zaman jira ba. Ya zauna a benci, ya tashi, ya zagaya, ya dawo. A zagayen ne ya ga hayaƙi a bayan tasha. Mata ne ƙarƙashin wata rumfar kwano suna fama da manyan tukwane, ga mutane zube a inuwar katanga suna jira. Wasu daga Cibarakaten suka dawo, haƙar zinariya ba ta karɓe su ba. Wasu daga iyakar Aljeriya aka maido su, ko takalmi babu. Duk nan suke kwana a kan kwali.

Babbar matan, Inno, Bazindariya ce mai sayar da kayan miya. Ita ta haɗa ƙungiyar matan da ke dafa wa baƙin nan abinci kyauta, ita ke bin 'yan kasuwa rumfa-rumfa, wannan ya ba da shinkafa, wancan mai. Ta ga Nomau yana ta leƙe.

"Malam, in yunwa ce, ka zauna. Shinkafar ba ta nuna ba tukuna."

"Ba yunwa ba ta, Hajiya. Hannuna ne ka ƙaiƙayi."

Ta dube shi, ta miƙa masa muciya. Kafaɗarta ta daɗe tana ciwo.

Ranar ya juya shinkafa da wake har rigarsa ta jiƙe. Ya kwana a rumfar, wai yana gadin tukwane. Washegari motar Tawa ta tashi yana yanka albasa.

Haka abin ya ɗore. Da asuba ya hura gawayi, ya ɗebo ruwa a kura, ya bi mahauta ko za a samu ƙashi. Ran da shinkafa ta kasa, sai ya ƙara ruwa a yi fate, kowa ya samu ludayi. Masu cin suna canzawa kullum, wasu ma ba ya jin yarensu sai dai nuni da hannu. Ya kan ce musu, "Ni ma matafiyi ne, gobe zan wuce."

Hassana kuwa ba ta daina kira a salula ba.

"Baban Muktar, mi ka riƙe ka? Kowa ya dawo sai kai."

"Ina tahe. Bari a samu wanda zan bar ma wuta."

Inno ta ji. Ta ce, "Malam Nomau, kai ma fa ba ka da ɗaki. Mu ba mu haɗu nan don mu raba mutum da iyalinsa ba. Ka tafi."

Sai Nomau ya jawo Ramalan, wani Basakkwace da rijiyar zinariya ta lalata wa ƙafa, ya shiga koya masa auna ruwa da gishiri. Kafin azumi Ramalan ya iya. Inno da kanta ta raka Nomau mota, ta tsaya har ta ga tashinta.

A Tawa ya yi ƙoƙari. Ya gyara danga, ya ɗaure akuya, ya zauna majalisa ana hirar damina yana kaɗa ƙafa. In Hassana ta ɗora 'yar tukunyarta, sai ya tsaya a kanta yana gyara itace, har ta kore shi.

Bayan babbar Salla Hassana ta ce masa, "Je ka duba mutanen tashar. Amma ka dawo kafin shuka."

Ya tafi da buhun albasa. Yanzu rani a Arlit yake yin sa, damina a Tawa, kuma a duk inda yake, zancen can ɗin yake yi.