Alkasum, Yayan Idirisu Maƙeri

Alkasum mutumin Durum ne, ɗan manoman gero da gyaɗa. Shekarar da damina ta yi gardama ya shigo Damagaram neman abin yi. Ya yi dako a kasuwar Dole, ya yi kabu-kabu da babur ɗin wani, har Allah ya haɗa shi da Baba Modu, tsohon maƙerin azurfa a unguwar Birni. Tsohon ya nuna masa gefen tabarma ya ce ya zauna a gani.

Ya fara da zuga wuta da goge zobba. A hankali ya iya narka azurfa, ya iya jan waya, ya iya liƙe sarƙar da ta tsinke har mai ita ta rasa inda aka haɗa. Ya yi aure, ya kama ɗaki a Zango. Da ya ga ƙafarsa ta kafu, sai ya aika gida aka turo masa Idirisu, ɗan ƙanen mahaifinsa, wanda ke zaman banza tun da ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya kai shi rumfar Baba Modu.

Abin da ya ɗauki Alkasum shekaru, Idirisu ya kwashe shi kafin wata damina ta zagayo. Ba kwaikwayo kaɗai ba, sababbin zane yake fitarwa daga kansa. Wata rana Baba Modu ya ɗaga wani zobe da Idirisu ya ƙera, ya juya shi a hasken rana, ya ce, "Wannan hannu baiwa ce." Alkasum na gefe yana goga da magagari. Bai ɗago kai ba, amma kunnuwansa sun yi zafi. Shi tsohon bai taɓa ce masa komai ba sai "ya yi."

Daga nan sabon aiki ya koma wajen Idirisu, gyara ya zama rabon Alkasum. Bayan rasuwar Baba Modu, Idirisu ya buɗe shago a bakin titi, da akwatin gilashi da fitilu, yana tura hotunan kayansa ta salula har Yamai. Ya zo da kansa ya ce, "Yaya, ka zo mu zauna tare mana." Alkasum ya ce shi ya saba da tsohuwar rumfa.

Ranar da abin ya fi ci masa rai ita ce ranar da matarsa Shatu ta dawo daga suna da sababbin 'yan kunne na azurfa, masu siffar ganyen zogale.

"Wa ya ba ki?"

"Matar Idirisu ce ta kawo mini. Malam, ka ga kyau? Duk matan wurin sai tambaya suke."

"Mijinki maƙeri ne, ki rataya aikin wani?"

"Wani kuma? Ƙanenka ne fa. Kuma yaushe rabon da ka ƙera mini ko zobe?"

Ya ce ta ciro su ya gani. Washegari ya tafi da su rumfa, ya duba gaba, ya duba baya, yana neman inda liƙi ya yi tudu ko inda waya ta karkace. Bai samu ba. Ya hura wuta, ya kama ɗaya da awartaki, zuciyarsa na ce masa ya narkar, ya gaya wa Shatu azurfar gauraye ce. Ya daɗe riƙe da shi har gawayin ya fara mutuwa. Sannan ya ajiye, ya yi kwanaki yana ƙoƙarin ƙera irinsu. Nasa suka fito da kauri, ganyen kamar na kuka. Ya narkar da nasa, ya mayar wa Shatu da nata.

Da aka gayyaci Idirisu baje kolin masu sana'ar hannu a Yamai, sai ya riƙa cewa duk mai gyara ta tafi Birni wajen yayansa, babu kamarsa a garin. Mata suka fara cika rumfar Alkasum da tsinkakkun sarƙoƙi da zobban da suka matse. Aiki ya yi yawa har ya sayi tebur da abin hura wuta na gas, ya sa 'ya'yansa lakwal. Ya san ta hannun wa alherin ya zo, kuma sanin nan ne ke hana shi jin daɗinsa sosai.

Yau furfura ta fara fito masa. Zumunci bai yanke ba, ana zuwa suna da gaisuwar salla. Amma in zai je kasuwa yakan zagaya ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban shagon nan mai gilashi. In wata baƙuwa ta leƙo rumfa ta ce, "Kai ne yayan Idirisu maƙeri?" sai ya ce, "Ni ne, Hajiya. Me ya lalace?"