Ranar da Bulus ya kai ni zamiyar ƙanƙara

Tun shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe laburaren da nake aiki nake zaune a Withington, a Ingila, ba aiki, da digirina biyu. Da ƙyar na samu gadi, zan fara Litinin.

Ranar Asabar abokina Bulus, gwanin zamiya a kan ƙanƙara, ya kai ni wani gangare a cikin gini, wai in huce.

Muka hau can sama.

"Bulus, da gwiwar nan zan tsaya Litinin fa."

"Haba Malam! Karkata gaba kawai. Ka ja baya, ka faɗi."

Tsoro ya ja ni baya. Na ji ƙas a gwiwa!

Har yau da ƙyar nake amsa gaisuwarsa. Ku za ku yafe?

Gadin dai ranar Talata aka ba wani.