Matuƙin da Na Ƙi Ɗauka

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina hedimasta, kuma ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta sau biyu ba. Haka aka hore mu a makarantar mishan: layin da ya karkace a sake shi, shafin da tawada ta ɗiga a kansa a yage shi. Saboda wannan shaida ce 'yan ƙungiyar manoma da fataken kifi na garinmu, kusa da Warra, suka same ni har gida bayan na yi ritaya, suka roƙe ni in zama manajan jirginsu. Jirgi ɗaya ne, na katako, mai inji a baya. Sau biyu a mako yake ɗaukar mutane da albasa da bandar kifi da awaki zuwa kasuwar ƙetare. Na karɓa, bisa sharaɗin cewa komai za a yi shi a rubuce.

Matuƙin jirgin dattijo ne daga cikin Gungawa, ya ɗan girme ni. A tsibiri aka haife shi. Yana saurayi aka datse kogi, ruwa ya hau ya cinye garinsu da gonakinsu da dajin da ke kewaye. Abin da baƙo bai sani ba game da tafkin Kainji shi ne, ba dukan dajin aka sare ba kafin ruwa ya iso. Itatuwan suna nan tsaye a ƙasa. Kuka ta ruɓe tuni, amma ƙirya da maɗaci ba su san ruɓewa ba. Idan ruwa ya cika, jirgi yakan wuce ta kansu lafiya. Idan ya janye, daga bazara zuwa farkon damina, kawunansu sukan matso har ya rage kamu ɗaya tsakaninsu da saman ruwa. Ido ba ya ganinsu, kuma guda ɗaya ya isa ya tsaga cikin jirgi.

Dattijon yana ratsa su kamar mai tafiya a tudu. Na sha jin yana cewa, "Nan kasuwarmu take, a kauce ma tsamiya," sai ya karkata jirgin a inda ni ban ga komai ba sai ruwa. Shekara talatin yana tuƙa wa ƙungiyar. An sha zuwa daga Yelwa ana zawarcinsa da sabon jirgi, bai ko ɗaga kai ba. Ba ya karatu, ba ya rubutu. Ranar da na kawo littafin sa hannu na zuwa aiki, ya dubi littafin, ya dube ni.

"Hedimasta, ni ma aji anka sa ni?"

"Doka ce. Kowa zai sa hannu da ƙarfe bakwai."

"To kawo tawada in dangwala. Amma ka aika ma iska takarda, ita ma ta san ƙarfe bakwai."

Akwai ma'aikaci na biyu a jirgin, mutum mai kimanin shekara arba'in, marar yawan magana. Shi ke kwarfe ruwa, shi ke tsayawa a goshin jirgi da gora yana taɓa ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tare da dattijon. Al'adar masu jirgi a wajenmu ita ce, matuƙi shi ke zaɓen magajinsa, kuma ba ya sakar masa inji sai sun ga cikar ruwa da janyewarsa tare sau da dama. Don haka, da kwamitin ƙungiya ya ce lokaci ya yi da za a ɗauki mataimakin matuƙi wanda zai gaji aikin, dattijon ya nuna mai gorar da haɓa, ya ce, "Ga shi nan tsaye. Mi za a nema kuma?"

Na ƙi. Ina da dalili, kuma har yau ban ce dalilin banza ba ne. A aikin makaranta na ga malaman da kawu ya kawo, na ga abin da suka yi wa yara. Na yi imani aikin da aka bayar don sanayya ruɓewa yake yi. Na ce za a liƙa sanarwa, kowa ya kawo takardar neman aiki da shaidar makaranta, sannan a gana da shi.

Mai gorar ya kawo takardarsa, wani ne ya buga masa a shago, shi kuma ya dangwala yatsa a ƙasa. A gaban kwamiti na miƙa masa ita, na ce ya karanta mana layin farko. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ajiye ta a kan tebur a hankali. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Na ja layi a kan sunansa da rula.

Wanda na ɗauka matashi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, mai difloma a aikin injuna. A gabanmu ya kwance wani ɓangare na injin ya mayar, ko ƙusa ɗaya bai bari ba. Na tambaye shi tsawon lokacin da yake nufin zama da mu.

"Baba, gaskiya, sai yadda hali ya yi."

A gurbin ra'ayin manaja na rubuta: mai gaskiya ne. Gaskiyar ta burge ni har ban tsaya na ji abin da ya faɗa ba.

Mai gorar ya ƙarasa watan bai makara ko rana ɗaya ba. Ranar ƙarshe ya wanke jirgin, ya jingine gorar, ya bi kowa ya yi masa sallama, ya koma wata tungar masunta wajen Shanga. Dattijon bai yi mini gardama ba. Ya ce, "Allah shi sa alheri," kuma daga ranar ya daina tsokanata. Yakan dangwala yatsa a littafi ya wuce. Na ɗauka fushi ne, na ce zai huce.

Ba zan zalunci matashin ba. Injin bai taɓa samun kulawa irin tasa ba. Wayarsa tana rataye a wuyansa cikin leda, yana ƙoƙarin sa alamar hanya a taswirar cikinta.

"Wayarka ta san inda anka binne kakana?" in ji dattijon.

"In ka faɗa mata za ta sani, Baba. Ta fi ni riƙe karatu."

"To ba ta gorar ta riƙe."

Suka saba, har suna cin abinci a kwano ɗaya. Amma dattijon yana koyarwa ne yadda aka koya masa: kowane itace a lokacinsa, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa har gora ta taɓa shi, hannu ya ji taurinsa. Matashin kuwa da cikar ruwa ya zo. Wata takwas ya yi, dukansu a kan ruwa mai zurfi. Na lura dattijon yana yawan tambayarsa, "Mi ka gani gabanka? Mi ka gani dama?" Na ji daɗi, na ce wa kaina ashe tsohon ya iya koyarwa.

Ana tsakiyar zafin bazara, laka ta fara fitowa a bakin gaɓa, sai ga saƙo a wayata. Layi uku ne. Ya sami aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a Legas, yana cikin mota, yana godiya, a yafe masa. Na kira shi nan take.

"Haka ake barin aiki? Ina alkawari?"

"Baba, ban yi alkawari ba. Ka duba takardarka."

"A zamaninmu mutum yakan mutu a bakin aikinsa."

"Na sani, Baba. Mahaifina ya yi shekara talatin a wuri guda, da agogon bango anka sallame shi. Agogon yana nan ɗakin Inna, ko tafiya ba ya yi."

Na duba takardar. Bai yi alkawari ba.

Ranar kasuwa ta gaba na shiga jirgin da kaina, domin in ga yadda za a yi kafin a sami wani. Mun ɗauki wani ɗan dako ya riƙe gora. Jirgin ya cika da mata da goyo da buhunan albasa, har da babur guda a tsakiya. Da hantsi muka tashi. Ruwan ya yi launin toka, ya kwanta shiru, babu ko masunci ɗaya a kansa. Daga nesa, wajen arewa, busassun rassa sun fara leƙowa, tsuntsaye baƙaƙe suna zaune a kansu. Can gabas hadari yana haɗuwa a hankali.

Muna tsakiyar tafkin dattijon ya rage wutar inji, ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Hedimasta, matso. Dutsen nan mai tsaga na ƙetare, shina daidai goshin jirgi ko shina dama?"

Dutsen yana nan fili, girmansa ya kai majami'ar garinmu, rana tana dukansa. Na juya na dubi idanunsa sosai, abin da ban taɓa yi ba cikin shekarun da muka yi tare. Yanar ido ta rufe su fari fat, kamar an ɗiga nono a kai. A nan na gane tambayoyin da yake yi wa matashin. A nan kuma na gane aikin da mai gorar yake yi a goshin jirgi tun kafin in zo.

"Yana dama kaɗan," na ce.

"Kaɗan nawa? Faɗi da yatsu. Miƙa hannunka ka auna."

Na miƙa hannu na auna. Na ce yatsa uku. Ya karkata jirgin, leɓunansa suna motsi, yana ƙirga abin da shi kaɗai ya sani. Muka yi ta tafiya haka, yana tambaya ina aunawa. Sau ɗaya na yi jinkirin amsa. Wani abu ya goga cikin jirgin daga ƙasa, doguwar ƙara mai nauyi, tun daga goshi har baya, na ji ta a tafin ƙafata. Wata tsohuwa ta fara salati, wata kusa da ita tana kiran sunan Yesu. Ɗan dakon ya tsuguna yana shafa katako, yana neman inda ruwa zai ɓullo. Bai ɓullo ba. Muka isa ƙetare hadari bai sauko ba, kuma ban bari jirgin ya komo da kowa ba sai washegari, da wani masunci na can ya yarda ya ja mu da kwale-kwalensa a gaba.

Da muka sauka na tambaye shi, "Tun yaushe?"

"Damina ukku."

"Don me ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka rubuta. Wanda ya kamata shi sani ya sani, kai ka ce bai iya karatu ba."

Bayan kwana biyu na hau babur zuwa tungar nan ta wajen Shanga. Na tarar da mai gorar a gindin giginya yana ɗinkin taru. Ya tashi, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ni da ban saba roƙo ba, na roƙe shi. Na ce na yi kuskure, na ce aikin nasa ne, ba za a tambaye shi ko takarda ɗaya ba. Ya saurara har na gama, allurarsa ba ta tsaya ba.

"Yallaɓai, na gode da tattaki. Har yanzu dai ban iya karatun ba."

"Ba shi muke nema ba yanzu."

"Ai yanzu ne. In ruwa ya cika za ku tuna da shi." Ya ciji zaren ya tsinke. "Ga kwale-kwalena can, ƙarami ne, amma ba wanda zai ja mini layi a kai. Ka gaishe mini da Baba. Ka ce zan zo da salla."

Na dawo na rubuta wa kwamiti cewa a ɗaure jirgin har ruwa ya dawo. Suka ce albasa ba ta jira, kasuwa ba ta jira, kuma in an ɗaure namu mutane za su shiga na wasu. Suka sallami dattijon cikin mutunci, suka kawo wani matuƙi daga wani kogi can kudu, suka ajiye takardunsa a gabana. Na karanta su sau biyu. Babu abin da ya ɓace a ciki, bisa ƙa'idar da ni na kafa ya cancanta. Na ƙi sa hannu, na miƙa makullin ofis. Shugaban kwamiti ya sa nasa hannun.

Tun daga lokacin an canza matuƙi sau uku, kowanne ya sami inda ya fi ya wuce, kuma babu wanda ya ga janyewar ruwa sau biyu. Ɗaya daga cikinsu ne kawai ya je gaida dattijon. Ya kai masa goro, suka yi hirar tsadar fetur, ya tashi bai tambaye shi komai ba.

Bana ruwa ya janye fiye da bara. Matar ɗana ta fara fataucin albasa, kowace ranar kasuwa tana cikin jirgin da jikata a baya. Na hana ta, ta durƙusa ta ce, "Baba, to ta ina zan bi?" Nakan raka su bakin ruwa da safe, in zauna a kan wani karyayyen kwale-kwale, ba na tashi sai na ga jirgin ya komo.