Tafin Hannun Ɗan Farina

Ɗan farina ya shekara uku bai ce uffan ba. Ba kurma ba ne, don ƙarar kabu-kabu daga bakin lungunmu na Zango tana sa shi toshe kunne. Yini yake yana juya murfin buta. In an kira shi, kamar da bango ake.

Ni kuwa ban taɓa kiransa ba. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan" nake cewa. Uwar mijina ce mai ɗaukarsa.

Da na kai shi likita, wata madam ta faɗi sunan abin da Faransanci, ban riƙe ba. Abin da hannunta ya yi na riƙe. Ta kama dantsensa tana matsawa a hankali har tafin hannu, ta kira sunansa, sai ta tsaya cak.

"Ki dinga tsayawa haka," in ji ta. "In yana son ƙari, shi zai nemi hanyar gaya miki. Kullum, kuma ke da kanki."

"Madam, ɗan fari ne fa."

"To, ɗan farin ba shi da uwa ne?"

Na koma ina yi a ɓoye. In saki labule, in shafa man gyaɗa, in matsa, in raɗa sunan kamar na sato shi, kunnena na tsakar gida. Wata biyu haka. Yau ya fizge, gobe ya yi kuka. Nakan tsaya cak, shi kuma ya koma wa murfinsa. Ko raɗar ce ba ta isa? Ko na makara?

Ran wata Juma'a da hantsi muna tsintar shinkafa, da ni da uwar mijina da ƙawayenta biyu daga Mirriya, sai ya ajiye murfin. Ya ratso tabarma, ya wuce kakarsa, ya ɗora hannunsa a cinyata, tafin yana sama. Bai dube ni ba. Jira yake.

Na san in na kau da kai, ba lalle ya sake roƙo ba.

Na kama. Na faɗi sunan a fili.

"Oh ni! 'Yan zamani," in ji ɗaya daga cikin baƙin. "Ko kunya babu?"

Uwar mijina ta daɗe tana kallon hannayenmu. Sannan ta janye faifan shinkafar daga gabana.

"Ke, matsa masa mana. Ba ki ga yana jira ba?"

Har yau bai yi magana ba, kuma abin bai bar raina ba. Amma hannun yana zuwa. Ko a gaban wa nake, ajiye abin da nake yi nake.