Takardar Hedimastanmu na Ikara

Jiya jikata ta tambaye ni ma'anar kalmar Turanci "grumpy", sai na tuna da hedimastanmu na Ikara, Allah ya jiƙansa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka turo ni makarantarsa, ina sabon malami mai saurin fushi. Shi ba ya faɗa. In ka yi laifi, sai ya rubuta kalmar Turanci guda a 'yar takarda ya miƙo maka, tana ƙamshin goro da alli.

Wata Laraba wani manomi daga Saulawa ya shigo ajina, yana son ɗansa ya je ya taya shi yankan rake. Ko gaisuwarsa ban amsa ba, na daka masa tsawa. Mutumin ya kama hannun ɗansa, ya ce yaron ya bar boko ke nan.

Da aka tashi, hedimasta ya kira ni ofis. Ya rubuta "snappish", ya turo mini ƙamus. Na duba: mai hargagi, kamar karen da ke shirin cizo.

"Malam, ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"To, ga kekena can."

Na hau keken zuwa Saulawa, na sami manomin a gona, na durƙusa cikin ganyen rake na ba shi haƙuri. Sai ya saro mini karan rake guda. Ranar Litinin ɗansa ya dawo aji.

Allah ya haskaka kabarin hedimasta, ya sassauta masa kamar yadda ya sassauta mana.