Shafina a Wayar Yaya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, a tsakar gidanmu a Gwaram, na ari wayar Yaya na shiga shafina na sada zumunta, saboda tawa tana wurin mai gyara. Na duba abin da zan duba na mayar masa, ban fita daga shafin ba.

Shekara biyu ina gina shafin nan tun da na fara karatun kiwon lafiya a Birnin Kudu. Ba na iya ɗaga hannu a aji, amma a can ina rubutu kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro da ruwan sha. Kowane rubutu sai na duba littafi biyu kafin in saka. Ganin haka wata malamarmu ta miƙa sunana ga wata ƙungiya da ke neman mai rubuta mata saƙonnin lafiya da Hausa. Suka ce za su leƙa shafina tukuna.

Bayan na koma makaranta da kwana tara, wata ƙawata ta miƙo mini wayarta.

"Ashe haka kike da baki? Mu da muke ce miki kurma."

Sunana ne, hotona ne da farin hijabi. A ƙarƙashin maganar wani dattijo ɗan siyasa an zage shi, an zagi uwarsa, an kira 'yarsa da sunan da ban taɓa furtawa ba. Na ƙirga irinsu talatin da ɗaya. Ɗaya yana manne da rubutuna kan shayar da jarirai. Ranar ko abinci ban iya ci ba, ji nake kamar an goga mini kashin kaji a baki.

Ranar Asabar na hau mota zuwa gida. Na tarar da Yaya yana wanke babur.

"Yaya, da shafina ka yi zagin nan?"

"To mene ne? Nawa sun rufe shi. Kuma naki mutane sun fi yarda da shi." Ya ci gaba da goge taya. "Likita, ki goge mana, ai ba a dutse aka rubuta ba."

Inna ta leƙo daga madafi ta ce kada in ɗaga wa yayana murya. Ban ma ɗaga ba.

Na goge su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai da na karanta shi. Na canja lambar sirri. Sannan na rubuta bayani shafi guda, na kai wa malama ofis. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau.

Na ce, "Malama, ko za a tura wa ƙungiyar wannan?"

"'Yata, ni na san ba ke ba ce," in ji ta. "Amma tun ranar Laraba suka duba. Dattijon nan kawun shugabarsu ne. Sun ɗauki wata."